Ranar da Jirgin Manzo Ya Iso Gida

Ɓarɓashin ƙasa ne ya fara zubowa cikin kwanon da Furera ta jiƙa kaba. Ta ɗaga kai daga tabarmar da take saƙa, ta dubi katangar da ta raba gidanta da na maƙwabcinta Manzo, sai ta ga bakin wani ƙarfe ya leƙo daga gindin katangar, ya koma, ya sake leƙowa. Kajinta suka watse suna kyarkyara.

"Manzo! Mi kaka yi ma katangata?"

Ƙarfen ya tsaya cak. Daga can baya aka yi gyaran murya.

"Ina kwana, Furera. Kin tashi lahiya?"

"Ban tashi ba! Na ce mi kaka yi?"

"Aikin gwamnati ne. Hanyar jirgi za ta bi ta nan."

Furera ta yar da kabar, ta yafa gyale, ta zagaya ta zaure. Ta iske shi durƙushe a gindin katanga, tsoho ɗan shekara saba'in da takwas, ƙura har gira, usur rataye a wuya. Da ya gan ta sai ya washe baki, haƙoran nan huɗu da suka rage masa suka fito.

Manzo taubashinta ne, ɗan yayar mahaifinta, don haka tun tana yarinya ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da sun tsokani juna ba. Yana saurayi ya bi mutanen garin zuwa Ƙauran Namoda, ya samu aiki a reluwe. Ya fara da lebura, mai ɗaukar katako da zuba tsakuwa, ya ƙare a mai juya wa jirgi hanya. Su bakwai ne suka tafi daga garin, har aka riƙa ce musu 'yan reluwe. Yanzu shi kaɗai ya rage. Da ya dawo gida bai kawo shanu ba, bai kawo mota ba, jirgin ne ya kawo cikin kansa, ya sauke shi a tsakar gida.

Daga gindin bishiyar bedi har bakin rumbu, ƙarafa biyu ne siriri kwance a kan 'yan guntayen katako, sun kewaye gidan kamar maciji. Da ƙarafan tsoffin laima da waya ya yi su, shekara da shekaru. Ga tashoshi na laka, kowace ba ta fi girman tiya ba, da sunanta a jikin gwangwani: Zariya, Funtuwa, Gusau, Ƙaura. A duniyar Allah, a Ƙaura hanyar ta tsaya. A gidan Manzo kuwa ba ta tsaya ba. Ta ƙetare iyakar ƙasa ta bayan randar ruwa, ta ratsa Madawa kusa da murhu, ta miƙe sak har ta zo ta dungure a jikin katangar Furera. Kan jirgin na gwangwanin madara ne, ƙafafunsa na marfin kwalba, yana jan taragu biyar na gwangwanin sardin, kowane da sunan ɗaya daga cikin 'yan reluwen garin. Rabin gwangwanayen nan ma Furera ce ta tsinto masa a kasuwar Sabon Gida, tana ba shi tana zagi.

"Gidanka ya ƙare, sai ka shiga nawa?" in ji ta. "Tsohon banza, sa'o'inka na masallaci suna jan tasbaha, kai kana nan kana huda ma mutane katanga kamar gahiya."

"Tashar ƙarshe ce taka saura. Wurinki ya hi dacewa, ga inuwa, ga masu saida abinci."

"Wa ka saida abinci?"

"Ke mana. Kowace tasha da mai tuwonta."

Hindatu, 'yar Manzo da ta dawo gida tana kula da shi tun rasuwar uwarta, ta leƙo daga ɗaki tana danne dariya. "Inna Furera, na hana shi, ya ƙi."

"Ke bar shi. Ni na san maganinai."

Kafin azahar Furera ta kwaɓa laka da kashin jaki, ta toshe ramin ta nata gefen, ta shafe shi sumul. Tana yi tana waƙa da ƙarfi don ya ji. Daga bayan katanga aka busa usur sau uku.

"Kin tare hanyar gwamnati! Za a kama ki!"

"A zo a kama ni. Ina nan ina saƙa."

Kwana biyar bayan haka aka ɗauki Manzo a mota zuwa likita a Madawa. Dama ƙafafunsa sun ɗan jima suna kumbura, kuma in ya je masallaci sai ya huta sau biyu a hanya. Ya kwana uku can. Gidan ya yi tsit, ba usur, ba ƙwanƙwasar gwangwani, har Furera ta rasa abin da ke damunta. Tabarmar da take gamawa cikin kwana huɗu ta ƙi ci gaba.

Ranar da suka dawo, Hindatu ta shigo wurinta ta zauna a kan turmi.

"Sun ce zuciya ce ta gaji, Inna. Sun ba mu magani, sun ce a kai shi gida shi huta. Likitan ya jawo ni gehe ya ce abin da duk yaka so a ba shi."

Furera ta miƙe. Ta dama kunun tsamiya, ta zuba a kwano, ta kai masa da kanta. Ta same shi a ƙofar ɗaki bisa kujerar roba, ƙafafu a kan buhu, ya rame amma idon nan na tsokana yana nan.

"Ga mai tuwon tasha ta zo," in ji shi.

"Sha ka yi shiru."

Ya sha rabi. Sai ya ce Hindatu ta ɗauko masa abin da ke ƙarƙashin gado, cikin tsumma. Da ya warware, tarago ne, amma ba na sardin ba. Wani tsohon gwangwani ne mai murfi, fentinsa ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, an sa masa ƙafafu huɗu sababbi. A gefensa akwai rubutu da farin fenti. Furera ba ta yi lakkwal ba, ba ta iya karatun boko ba, sai ta miƙa wa Hindatu.

"Abdulmumin," Hindatu ta karanta a hankali.

Sunan mahaifin Furera ne. Tana da shekara huɗu aka aiko daga Ƙaura cewa ya rasu. Ba ta riƙe kamanninsa ba, ba ta taɓa ganin kabarinsa ba.

"Gwangwanin goronai ne," in ji Manzo. "Kawu shi ya kai ni can, shi ya koya min riƙon guduma. Sauran biyar duk sun dawo gida sun mutu bisa tabarmarsu. Shi ɗai munka baro. Masassara ce ta damina, kwana shida. Lokacin ana ta cewa za a ja hanya daga Ƙaura ta yi arewa, mu ma munka yarda. Yana kwance, jirgin marece ya shigo yana kuka, sai ya ce min, Manzo, ranar da jirgin ga zai kai garinmu, ko bisa buhun gyaɗa ne ka sama min wuri, in je in ga ɗiyata ko ta yi wayo." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "To ga shi shekara hamsin da 'yan kai, hanya ba ta zo ba, ke kuma wayon bai zo ba."

Furera ta juya gwangwanin a hannu. Ta buɗe murfin ta shinshina, babu ƙanshin komai sai na tsatsa.

"Mi ya hana ka gaya min tun ranar?"

"Kin bar ni na yi magana? Gahiya kinka ce min."

Ta tashi ba sallama. Da ta shiga gida ta ɗauki taɓarya, ta nufi wurin da ta toshe, ta kai masa duka uku. Lakar ta burma, haske ya shigo ta ramin. Ta durƙusa ta leƙa, ta hango ƙafafunsa a kan buhu.

"Ga hanyarka nan! Amma in kazata guda ta ɓata, kotu za mu."

Aikin ya fi yadda ta zata. Manzo ba ya iya durƙusawa kuma, don haka aka ɗauko kujerarsa aka ajiye a tsakar gidan Furera, ya zama shugaban aiki. Leburorin su biyu ne, ita da Mati mai gyaran injin ban ruwa na masu albasa, wani ƙato mai furfura a gemu wanda aikinsa ya yi sauƙi tun da aka gama cire albasa. Kullum da hantsi, kafin rana ta yi zafi, sai su hau. Mati yana miƙe waya da guduma, Furera tana jera katako, Manzo yana auna tsakanin ƙarafan da wani ɗan kara da ya yanka daidai.

"Ya karkace. A tayar."

"Ina ya karkace? Ido ne ba ka da shi."

"Furera, shekara talatin ina aikin ga. Da kin zo neman aiki wurinmu, ko tsintsiya ba a ba ki."

"Da na zo, da ni ce babbarku."

Mati yana dariya har guduma tana faɗuwa daga hannunsa. Matan unguwa masu zuwa aron rariya sai su manta da rariyar su tsaya kallo. Wata ta ce Furera ta zautu da tsufa, Furera ta ce mata ta matsa, tana tsaye kan hanyar gwamnati.

Tashar ita ta gina ta da hannunta, kusa da turmi, ta yi mata rufin kaba saƙaƙƙe mai ja da baƙi irin na tabarmin amare. Manzo ya duba ya duba, ya ce ko ta Zariya ba ta kai ta kyau ba, sai dai bai taɓa ganin tasha mai kama da faifai ba.

Gwajin farko bai yi daɗi ba. Da can da hannu Manzo yake tura jirgin, daga baya ya sa masa ɗan injin tsohuwar rediyo mai kaset, da pil biyu, wato batir. Taragu biyar yana jan su, amma da aka ɗaura na shida, mai nauyi, sai ya yi ta gurnani a wuri ɗaya. Mati ya ƙara pil biyu. Wannan karon jirgin ya zabura kamar an tsikari jaki, ya wuce Gusau da Ƙaura bai tsaya ba, ya kai bakin ramin ya kife, ƙafafu sama suna ta juyawa.

Kowa ya juya yana duban Manzo. Shi kuwa sai ya kama ciki yana dariya har hawaye.

"Direban ga ɗan kabu-kabu ne! Mati, rage mishi pil guda. Sannu ba ta hana zuwa."

A ranar da yamma numfashinsa ya yi sama-sama, har Hindatu ta aika a kira liman. Furera ta zauna a bakin ƙofa tana murza gefen zane, tana lissafin abin da ya rage: taku uku na hanya, da gyaran kwanar bakin rami. Da ya farfaɗo ya buɗe ido ya gan ta, ya ce, "Lebura na zaune, wa ka aiki?" Washegari tun da sassafe ita da Mati suka ƙarasa.

Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar. Hindatu ta bi gida-gida ta gaya wa 'ya'ya da jikokin 'yan reluwe. Furera ta zaci mutum ashirin za su zo, sai ga gidajen biyu sun cika, wasu a kan katanga, wasu a kan rumbu, har da liman da mai gari. Masu wayoyin portabul sun ɗaga su sama suna ɗaukar hoto. Manzo ya sa wata tsohuwar riga kaki da ta yi masa yawa yanzu, da hula mai baki, da jan ƙyalle da kore a hannu. Ya sa aka yanka takardu ƙanana aka raba, ya ce ba mai kallo sai da tikiti.

"Tike aka cewa, Baba," wani ya gyara masa.

"A jirginku. A nawa tikiti ne."

Kafin a tashi, Furera ta ratso taron da ɗan kasko. Ta ɗauki garwashi ƙarami da cokali ta jefa a bututun kan jirgin, ta barbaɗa turaren wuta a kai. Hayaƙi fari ya miƙe sama. Manzo ya buɗe baki yana kallo.

"Shekara ashirin ina neman dabarar hayaƙi," ya ce a hankali.

"Ka ce ba ni da wayo."

Ta koma gidanta ta zauna a gaban tasha, ta tanƙwashe ƙafa. Daga nan ba ta ganin komai sai ramin, amma tana jin komai. Ta ji usur. Ta ji taron ya ɗauki sowa. Ta ji muryar Manzo, ta yi ƙarfi kamar ba shi ne mai ciwo ba, yana kiran tashoshi: "Zariya! Masu sauka su sauka! Funtuwa!" A kowace tasha sai Mati ya tsayar da jirgin, Manzo ya kira sunan tarago ɗaya, ya ba da labarin mai sunan. Jima da ya taɓa yin barci cikin tarago ya farka a Zariya ba takalmi. Abdulrazak da ya yi shekara goma sha biyu yana aikin jirgi bai taɓa yarda ya shige shi ba, don tsoro. Jikokinsu suna ta ihu suna nuna juna.

"Ƙaura!" Sai muryar ta ɗan sauka. "A nan muna da fasinja guda. Ya daɗe yana jira."

 Furera ta ji ƙarar ƙugiya da aka maƙala, sannan usur, sannan ƙyas-ƙyas ɗin marfin kwalba a kan waya, yana matsowa. "Iyaka! Ba mai tambayar takarda! Madawa!" Ƙanshin turare ne ya fara shigowa ta ramin. Sai hayaƙi. Sai ga kan jirgin ya sunkuyo ya fito, ya ɗan yi tangaɗi a kwanar da ya taɓa kifewa, mutane suka ce "Wayyo!", ya daidaita, ya taho a natse da taragunsa shida, ya zo ya dungure a gaban gwiwarta. Mati, da ya zagayo ta zaure da sauri, ya miƙo hannu ya kashe shi.

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka ɗauka. Furera ta kai hannu ta shafa murfin taragon ƙarshe, rana ta ɗumama shi.

"Sannu da zuwa, Baba," ta ce. "Kun sha hanya."

Tana hawaye tana dariya, ta ɗaga murya ta yadda za a ji a bayan katanga: "Manzo! Jirginka ya makara da shekara hamsin!"

"Ki kai ƙara ohis!" aka amsa daga can.

Daga ranar jirgin ya samu aiki. Taragon Abdulmumin ya zauna a tasharsa, a inuwar rufin kaba. Sauran kuwa kullum da hantsi Furera takan ɗora ɗan kofin kunu a na farko, ta juya kan jirgin, ta kunna. An matso da gadon Manzo gindin bedi, kusa da tashar Zariya, inda hannunsa zai kai. Sai ya kashe, ya shanye, ya juyo mata da kofin, wani lokaci da ɓarin goro a ciki, wani lokaci da saƙo ta bakin Hindatu cewa kunun ba sukari, a gaya wa mai tuwon tasha za a ƙwace mata wuri. Rabin kunun a hanya yake zubewa. Ba wanda ya damu sai tururuwa, su kuma murna suke yi.

Kwana tara ana haka. A na goma, ranar Litinin, ta ji shi da safe yana yi wa Hindatu faɗa a kan ta taka masa Funtuwa da za ta tafi rijiya. Ta dama kunu, ta ƙara sukari cokali guda don ta rufe masa baki, ta ɗora ta kunna. Jirgin ya shige rami. Ta koma kan saƙarta tana sauraron tafiyarsa, ya wuce murhu, ya wuce randa, ya yi nisa. Ta ji ya dungure a ƙarshen hanya. Ta jira a kashe shi. Injin ya ci gaba da kuka, ƙafafun suna ta murzawa a wuri ɗaya.

"Manzo, pil ɗin tsada gare su," ta ce.

Ba a amsa ba.

Ta ajiye kabar ta zagaya. Yana kwance ta gefen dama, fuskarsa wajen hanya, hula ta ɗan zame, bakinsa a ɗan buɗe kamar wanda ya shirya mayar da magana. Kofin yana tsaye a taragon, kunun yana rawa. Furera ta durƙusa ta kashe jirgin. Ta kira sunansa sau ɗaya, ta taɓa goshinsa, ta yi salati, ta shafe masa ido. Sannan ta gyara masa hular, ta zauna a ƙasa kusa da shi har Hindatu ta shigo da tulu a kai.

Kafin azahar aka kai shi. Mati ya ce bai taɓa ganin jana'izar da mutane ke dawowa daga maƙabarta suna ba juna labari suna murmushi ba, har liman sai da ya maimaita na Abdulrazak.

Zaman makoki na mata a gidan Furera aka yi shi, don ya fi inuwa. Aka kafa tukwane uku a bayan turmi. Mata suna ta shigowa daga Sabon Gida da ƙauyukan kewaye, da ƙwaryar hatsi, da itace, da goyo a baya, waɗansu ba su taɓa shiga gidan ba. Furera tana zaune a bakin ɗaki tana amsa gaisuwa, tana kallonsu. Ba wanda ya ce musu komai, amma duk wadda ta iso tsakar gida sai ta dubi ƙasa, ta ɗan tattare zane, ta ɗaga ƙafa ta tsallake hanyar.